Daga Zawaciki Zuwa Mirrihi a Adaidaita Sahu

Tashi daga Zawaciki

Mun fito daga gida ranar Asabar ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ni da ƴata Ummi. Ita tana riƙe da waya da abin sawa a kunne, ni kuma ina saɓe da wata doguwar gora da ta ɗaura wa makirfo a ka, ta lulluɓe shi da soso. Ƴan majalisarmu da suka gan ni da gorar nan sun dame ni da tambaya, har wasu na cewa kamun kifi na koma. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tafiyar ta kasance daki-daki, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Ga asalin maganar. Ni ne mai kula da ƙofa a wani kamfanin roba a Sharada, kuma na daɗe a wurin. Da Ummi ta gama karatunta na aikin jarida, na roƙi manaja ya ba ta gurbi a sito. Ya amince, ya ce ta fara ranar Litinin, idan ba ta zo ba zai ba wa wata. Ita kuwa ranta yana kan rediyo. Wani gidan rediyo a Bompai ya ce masu sha'awa su kawo gwajin shiri wanda bai wuce minti goma ba, ranar Asabar kafin la'asar, a saurara a gabansu, a faɗa wa kowa matsayinsa nan take. Sai muka yi yarjejeniya a gaban mahaifiyarta. Zan raka ta, in buɗe mata ƙofofin da ba za su buɗu wa mace ita kaɗai ba. Idan aka ɗauke ta, shi ke nan. Idan ba a ɗauke ta ba, ranar Litinin tare za mu fita Sharada, kuma ba za a sake ta da maganar rediyo a gidana ba. A lokacin sito nake so mata, domin albashinsa ba ya tsallake wata.

Shirin nata wasa ne. Wai an yi shekaru ɗaruruwa nan gaba, Kanawa sun cika gari sun tumbatsa, wasu sun koma Wata da zama, wasu sun wuce wata jar duniya da ake kira Mirrihi, suna noman gero a cikin rumfunan gilashi. Akwai gidan rediyo guda da yake haɗa su duka, sunansa Kaza da Ƴaƴanta, kamar taurarin nan da muke gani a dunƙule. Uwar tasha tana Kano, ita ce kazar, ƙananan tashoshi suna warwatse a sama, su ne ƴaƴan. Ummi tana son ƙarar injuna na gaske da muryoyin mutanen da ba ƴan wasa ba, don haka ta raba unguwannin masana'antu: Sharada ita ce Wata, Challawa Mirrihi, Bompai kuma Duniya.

Maƙwabcinmu Ɗan'asabe mai adaidaita sahu muka ɗauka shata na yini guda. Da ta gama yi masa bayani sai ya ce in dai Wata za mu je a cika masa tanki tun daga nan, don bai sani ba ko akwai ƴan bumburutu a can. Na ce masa ya kalli hanya.

Ba mu hau kwalta ba sai ga waya. Matashin da zai riƙe uwar tasha ne, wai yana Wudil ɗaurin aure, ya manta. Ummi ta juyo ta dube ni.

"Baba, ku yi haƙuri. Ku za ku riƙe uwar tasha."

"Wato Malam Sabo ne kazar," in ji Ɗan'asabe, saura kaɗan ya buge mai kurar ruwa don dariya.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi: komai a yi shi bisa tsari.

Sharada, wato Wata

Mun isa Sharada daidai lokacin canjin aiki, ƴan dare suna fitowa, ƴan safe suna shiga. Mai koko da ƙosai ta riga ta kafa a bakin ƙofa, muka karya a tsaye. Mataimakina yana bakin aiki, ya buɗe mana yana kallon gorar da ke kafaɗata.

Muka fara da injin da ke buga bokiti. Ummi ta ce in miƙa gorar kusa da inda yake huci, na miƙa. Da ta sa mini abin a kunne ta maimaita mini ƙarar, wallahi ban gane injin da nake wucewa kullum ba. Jirgi ne sosai, yana shirin barin ƙasa. Sai na tuna ranar da aka fara hawa da ni jirgin ƙasa ina yaro.

Wakilin Wata shi ne Lawandi, mutumin wajen Ringim, mai aiki a kan injin nan, wanda bakinsa ba ya hutawa. Daga aikin dare ya tashi, ido jajur, amma da ya ji muƙamin da aka ba shi sai ya wanke fuska, ya ari hular wani ya kafa, duk da an gaya masa a rediyo ba a ganin mutum. Ummi ta ce tsakanin Duniya da Wata magana ba ta daɗewa, ƙiftawar ido ce, don haka mu yi hira kamar a waya. Muka koma bayan sito inda ƙara ta ragu. Na gyara murya.

"Nan Kaza da Ƴaƴanta, uwar tasha, daga birnin Kano. Wata, kuna jinmu?"

Lawandi ya ce suna ji raɗau. Na yi masa sallama, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi iyali da maƙwabta, na tambayi sanyi. Ya ce sanyi kam akwai shi, amma sun gode Allah babu sauro. Shi ma ya tambayi nawa ɗaya bayan ɗaya, har da jikin mahaifiyar Ummi da ta yi fama da haƙori. Sannan ya shiga labarai, ya ajiye takardar da aka ba shi ya kama nasa. Ya ce ana cigiyar ragon wani Alhaji, fari mai baƙin kunne, da ya tsinke igiya ya tsallake danga tun ranar Alhamis, har yanzu bai sauko ba, duk wanda ya gan shi yana gangarowa ta wajen Kumbotso ya taimaka ya tare. Ya ce matan Wata sun kai ƙara wurin mai unguwa saboda tuwo yana tashi daga tukunya sai an bi shi da mara. Ya ce kwamitin duban wata na can ya rasa aikin yi tunda kowa a kansa yake zaune, yanzu Kano suke bugowa su tambaya ko an gan su.

A nan ne na yi dariya. Ma'aikatan da suka taru suna leƙe suka yi cirko-cirko, wani ya ce yau ya fara sanin Malam Sabo yana da wushirya. Sai da aka sake ɗauka sau da dama, domin da zarar Lawandi ya zo kan ragon nan sai gorar ta kama rawa a hannuna.

Da muka gama Ummi ta duba waya, fuskarta ta canza. Ta ce a cikin minti goma mun cinye kusan rabi, kuma yawancinsa gaisuwa ce. Ta ce a rediyo kai tsaye ake shiga labari. Na ce mata ko wanda za a sallama daga aiki sai an tambaye shi kwanan iyali tukuna, balle mutumin da ya bar garinsu ya tafi Wata. Ta juya ta shiga adaidaita.

Challawa, wato Mirrihi

Daga Sharada muka gangaro titin Panshekara da hantsi, muna kauce wa tireloli. Tun kafin mu ga katangun Challawa warin majema ya tarbe mu. Ɗan'asabe ya ce lallai mun bar Duniya, iskar nan ba tamu ba ce.

Mai gadin kamfanin fatar da muka nufa ya hana mu shiga, kuma ya yi daidai, ni ma da haka zan yi. Na gaishe shi a matsayin abokin sana'a, na faɗi wanda muka zo nema, ya aika aka kira shi. Malam Mahamman mutumin Damagaram ne, tsohon abokina, tare muka kama ɗaki a Ɗorayi muna samari. Shi ke kula da manyan gangunan da ke juya fata a cikin ruwan jima. Ya samo mana izini daga babbansu, ya shiga da mu. Rugugin gangunan nan shi Ummi take so, domin a wasanta guguwa ce ta taso a Mirrihi.

Ga yadda ta tsara wannan sashe, wanda shi ne zuciyar shirin. Jirgin kaya ya taso daga Kano ɗauke da irin gero da magunguna, ya kusa sauka, ga guguwa ta rufe filin sauka. Dole wakilin Mirrihi ya sanar da uwar tasha, ita kuma ta yi shela jirgi ya dakata. Ɗan'asabe ya tambaya me zai hana ya gaya wa direban jirgin da kansa tunda ya fi kusa. Ummi ta ce direban uwar tasha kawai yake saurare. Ya ce haka ne kuwa, direba ba ya canza tasha.

Sai ta kawo abin da ya rikita mu. Ta ce Mirrihi ba kamar Wata ba ce, nisa ne mai yawa, idan ka yi magana daga Kano wani lokaci sai ta kusa minti ashirin kafin ta isa, amsar ma haka. Saboda haka babu gaisuwa. Malam Mahamman ya buɗe baki kawai ya ce guguwa.

Ɗan'asabe ya fara lissafi da yatsu. Ya ce idan Malam Sabo ya ce ina kwana, sai mu je kasuwar Panshekara mu dawo kafin lafiya lau ta iso. Kafin a gama da gajiya an kira azahar, kafin a zo kan iyali an yi la'asar, kafin kuwa a tambayi maƙwabta jirgin ya zama kayan ƴan gwangwan. Ma'aikata biyu da ke jan fata a baro suka ajiye baron suna riƙe ciki. Ni ma na ƙara da cewa ai sai a fara gaisuwar tun ranar Juma'a. Malam Mahamman ya yi dariya har hularsa ta faɗi, amma da ya ɗauka ya kaɗe sai ya ce ba zai yi ba.

"Ɗiyata, abokina zai yi mini magana daga wata duniya, in fara masa da labarin iska? In aka ji a Damagaram me za a ce da ni?"

Na ce nima ba zan karɓi labari daga mutumin da ban san yadda ya kwana ba. Muka tsaya a kan haka mu biyu, muna ganin mun yi abin kirki. Da na waiga sai na ga Ummi ta zauna a kan wata jarka, ta ɗora wayar a cinya, idonta ya ciko. Rana ta yi sama, Bompai tana can ɗaya ƙarshen gari, ga shi abin da ya fi muhimmanci a shirin ba a ɗauka ba. Sito ne ke matsowa kusa da ita, abin da na ce ina so, amma da na duba zuciyata ban samu murna ko kaɗan ba.

Malam Mahamman ma ya gani. Ya jawo wata jarkar ya zauna kusa da ita, ya ce ai wannan nisa da take faɗa ba sabon abu ba ne a wurinsu. Lokacin da ya fara zuwa Kano babu waya a hannun kowa, mahaifiyarsa kuma ba ta karatu. Kaset yake saye ya sa a rikoda, ya rufe ɗaki ya yi magana, ya ba direban babbar mota ya kai ƙauye. Kafin amsa ta dawo sai a yi wata. Ummi ta tambaye shi to yaya yake yi da gaisuwa. Ya ce yi yake yi cikakkiya. Zai ce kun kwana lahiya, sai ya yi shiru ya bar kaset yana juyawa, ya ba su wuri su amsa. Idan ya kintata sun gama sai ya ce madalla, ya wuce ta gaba. A can kuma a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ajiye rikoda a tsakiya, tsohuwa tana amsa masa kamar yana zaune a gabanta. Ni kaina na tuna. Sau da yawa a ɗakinmu na Ɗorayi yakan kore ni waje ya ce zai gaida gida.

Ummi ta share ido da gefen hijabi ta ce a gwada. Ta ja kunnen kowa kada wanda ya yi ko tari. Na ɗaga gora, ganguna suna rugugi daga nesa, Malam Mahamman ya juya ya fuskanci bango.

"Mutanen Kano, salamu alaikum." Ya yi shiru. "Kun kwana lahiya?" Ya yi shiru. "Madalla. Ina gajiya? Yaya iyali, manya da yara?" Ya sake yin shiru, wannan ya fi tsawo. "To, Allah shi ƙara lahiya. Mu ma nan lahiya lau muke, sai dai iska. A gaya wa mai jirgin gero kada ya sauka."

Ɗan'asabe ya cusa hularsa a baki don kada amsa ta kuɓuce masa.

Da Ummi ta saurara ta ce gaisuwar ta shiga cikin lokaci, amma akwai matsala babba. Abu na farko da aka koya musu a makaranta shi ne shiru haramun ne a rediyo, mai saurare zai ɗauka batir ya mutu ya murɗa wata tasha. Masu tantancewa suna iya kashe shirin tun a shirun farko. Ta roƙi Malam Mahamman ya sake, ya gajarta shirun. Ya gwada, bai iya ba, ya sake gwadawa, tsawon bai canza ba. Ya ce ta yi haƙuri, tsawon amsar tsohuwa ke nan. Ta daɗe da rasuwa, amma kunnensa bai san wani awo ba sai nata.

Ummi tana iya datse shirun a wayarta da ɗan yatsa ɗaya, ta nuna mini yadda ake yi. Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta ce a bar shi yadda yake.

Hanyar Bompai

Muka baro Challawa rana ta take, duk kayanmu suna warin jima. Ummi tana baya tana haɗa shirin a waya, adaidaita tana jijjiga ta. Ta ce har yanzu ya wuce minti goma, dole a cire abu ɗaya daga Wata: ko ragon Lawandi, ko doguwar gaisuwata. Na yi tunani bisa adalci. Na ce a bar mini sallama da ina kwana, a yanke sauran, rago ya zauna. Ɗan'asabe ya ce a rubuta wannan rana.

Mun yi azahar a wani masallaci kusa da Ɗan Agundi, muka ci gurasa da ƙuli a bakin titi, a gurguje. Muna tashi kaɗan wani jami'in kula da titi ya tsayar da mu saboda gorar da ta leƙo waje kamu biyu. Ya tambayi daga ina. Ɗan'asabe ya ce ranka ya daɗe daga Mirrihi, ta Wata muka biyo. Jami'in ya ce to ya kawo takardun can. Na ga abin zai ɓaci, na sauko na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Bai gamsu ba sai da Ummi ta ba shi abin kunne ya saurari cigiyar rago. Ya tsaya a tsakiyar rana kafaɗunsa suna rawa, motoci suna ta hon a bayanmu. Ya ce mu kwantar da gorar a ciki mu wuce, kuma idan ragon ya faɗo a kan titinsa sai an biya tara.

A Ƙofar Nassarawa cunkoso ya riƙe mu har na fara duban inuwa. Ɗan'asabe ya bi da mu wasu lunguna da ban taɓa sanin suna ɓullewa ba, yana ba da sanarwa da murya irin ta matuƙin jirgin sama, wai fasinjoji su ɗaura ɗamara za mu shiga iskar Duniya. Ban tsawatar masa ba. Ina jin ma na amsa masa da cewa uwar tasha ta ba da izini.

Bompai, wato Duniya

Saura magana ɗaya ba a ɗauka ba, shelar uwar tasha ga mai jirgi, kuma tana buƙatar wuri marar hayaniya. A Bompai wannan ba wuya. Muka tsaya a gindin katangar wata tsohuwar masaƙa da aka daɗe da rufewa, ciyawa ta fito a bakin ƙofarta, babu abin da ake ji sai kurciya. Na yi shelar sau ɗaya tak, na ce mai jirgin gero ya dakata a sama har iska ta lafa, Kano tana gaishe shi. Ummi ta liƙa ta a ƙarshe, ta duba, ta ce ya shiga minti goma da ƙyar.

Muka isa gidan rediyon ana shirin kiran la'asar, mu ne na ƙarshe. Wani zaure ne mai bencina, masu neman gurbi sun cika shi, kowa da wayarsa. A gaba akwai tebur, wata Hajiya mai gilashi, shugabar sashen shirye-shirye, tana zaune tsakanin maza biyu. Daga ganinsu sun gaji, sun wuni suna sauraren shirin girke-girke da na wasanni. Mutanen da ke kusa da mu suka ɗan matsa saboda warin jima. Aka kira Ummi, ta miƙa waya, aka jona da lasifika. Ni da Ɗan'asabe muka tsaya a bayan zaure da gorarmu.

Injin bokiti ya yi huci, muryata ta fito. Ban taɓa jin kaina ba sai ranar, kuma ban ga laifin ma'aikatan da ke tsorona ba. Rago ya samu dariya, kwamitin duban wata ya fi shi samu. Hajiya ba ta yi ba, tana rubutu. Sai rugugin ganguna ya shigo, Malam Mahamman ya yi sallama, lasifika ta yi tsit.

Ɗaya daga cikin mazan ya miƙa hannu zai taɓa waya, yana zaton ta cire. Na ga Ummi ta runtse ido. Kafin hannunsa ya kai sai muryar ta dawo, kun kwana lahiya, ta sake ɗaukewa.

"Lafiya lau," in ji Hajiya, kanta a sunkuye, alƙalami yana tafiya.

"Madalla," in ji Malam Mahamman daga Mirrihi.

Sai a lokacin ta ɗago kai ta dubi lasifikar. Ya tambayi gajiya da iyali, manya da yara, ya yi dogon shirun nan nasa, sai zauren nan gaba ɗaya ya ɗauka, har da waɗanda suka zo takara da ƴata: ba gajiya, lafiya lau, mun gode Allah. Wani daga baya ya ƙara da yaya iska. Ɗan'asabe ya fi kowa ɗaga murya, yana rama ta Challawa. Suna rufe baki Malam Mahamman ya ce Allah shi ƙara lahiya, kamar yana leƙen su ta taga. Wurin ya kaure da dariya har sai da aka mayar da shirin baya don a ji labarin guguwar.

Da aka gama Hajiya ta cire gilashi ta faɗi nata. Ta ce ƙarar injin ta yi yawa a farko, a rage. Ta ce mai uwar tasha yana magana kamar zai kori wani daga aiki, ta tambayi wane ne. Ummi ta nuna ni, Hajiya ta gaishe ni ta ba ni haƙuri, na ce ba komai, gaskiya ta faɗa. Ta ce mahaifinta ya yi shekaru yana aiki a Makka, da kaset suka san muryarsa, ta manta da wannan shirun sai yau. Ta tambayi Ummi ko ta san dokar shiru a rediyo. Ummi ta ce ta sani.

"To kin karya ta. Ki zo ranar Litinin da safe, za mu ba ki gwaji. Shirun kuma kada ki taɓa shi."

Komawa gida

Muka yi la'asar a masallacin gidan rediyon, muka kamo hanya. Ɗan'asabe ya yi ta danna hon ba dalili tun daga Bompai, yana gaya wa duk wanda fitila ta tsayar kusa da mu cewa ya ɗauko ma'aikaciyar rediyo da mahaifinta kaza. Ummi ta kira Malam Mahamman ta gaya masa, na ji muryarsa daga wayar yana ta madalla. Lawandi kuwa da na kira shi barci yake yi, abin da ya fara tambaya shi ne ko an bar masa ragonsa.

Mun iso Zawaciki ana kiran magariba. Mahaifiyar Ummi tana tsaye a soro, da alama ta daɗe a wurin. Ta dubi ƴarta, ta dube ni, ta ce mu cire kayan nan a waje tukuna, sannan ta ce, "To?" Ummi sai murmushi take yi tana rufe fuska. Na jingine gorar a bango, na ce mata ranar Litinin abincin mutum ɗaya za ta zuba a kular Sharada.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu a yini guda ba tare da ko faci ba. Ina gode wa Lawandi da ya hana idonsa barci, da mai gadin Challawa da ya yi aikinsa, da Ɗan'asabe duk da surutunsa, da abokina Malam Mahamman, Allah ya jiƙan mahaifiyarsa. Manaja kuma na same shi ranar Litinin da sassafe na ba shi haƙuri, na ce ya ba wa ƴar wani gurbin, tawa ta samu aiki a sama.